Kujerar Humayun Mai Kallon Bango

Duk wanda ya taɓa hawa benen kasuwar wayoyi ta unguwarmu a Herat ya san shagon ƙanena Humayun, ko da bai san sunansa ba. Shi ne shagon nan mai kujera biyu, ɗaya tana kallon kwamfuta, ɗaya tana kallon bango. Baƙo in ya shigo yakan kai hannu zai juya ta biyun, a zatonsa mai shara ne ya bar ta a haka. Sai Humayun ya ce, "Bar ta, wurin zamana ne."

Ni ce yayarsa, Shirin, kuma ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Sana'ata kiɗan bandiri a ɓangaren mata in ana biki, tun ina budurwa har na yi furfura. Bakina kuwa duk unguwa ta shaida ba ya shiru. Humayun ba haka yake ba. Tun yana yaro in an aike shi gidan mutane sai ya toge a bakin ƙofa yana kallon takalminsa, har matan gidan su gaji da cewa ya shigo, su miƙo masa saƙon. Na sha ranƙwashinsa a kan wannan noƙe-noƙe, ban san da shi zai ci abinci ba. Babanmu ya kai shi koyon gyaran rediyo, daga rediyo ya koma bidiyo, da kwamfuta ta shigo gari kuwa ya kama ta da hannu biyu. Kafin gemunsa ya cika kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a.

Da ya auri Mahgul na ce to, Allah ya haɗa bebe da mai shela. Gajera ce mai faɗin fuska, in ta yi dariya sai an ji a gida na uku. Ita ce ta gano abin da ya zama sana'arsu.

Kowane uba yana son a ɗauki bikin 'yarsa a bidiyo, amma ba namijin da zai yarda wani ƙato ya shiga ɓangaren mata da kyamara, inda an ajiye burƙa, an saki gashi, ana rawa. Ko an samu mace ta ɗauka, to wa zai yanka ya haɗa ya zuba a faifai? Masu kwamfuta duk maza ne. Sai Mahgul ta ce ita za ta ɗauka, ita za ta kalla, shi ya kawo ilimi ita ta kawo ido.

Haka suka yi shekara da shekaru. A sauke labulen shago, ta zauna gaban gilashin kwamfuta, shi ya juya baya ya fuskanci bango, don aikin duk yana kansa. Sai ka ji yana cewa, "Danna almakashin nan, na uku daga hagu." Ita kuma ta ce, "Hagun wa? Naka ko nawa, kai da ka ba mu ƙeya?" Ya san muryar kusan kowace mace a unguwa, ya san mai zaƙin murya, ya san wadda in ta ɗauki waƙa yara ke toshe kunne, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Na taɓa gwada shi, na kurma ihu na ce gilashin ya kama da wuta. Ya miƙe zumbur, ya laluba da hannu ta baya ya zare waya daga bango, bai waiwaya ba.

In aiki ya ƙare, uban amarya ko ango yakan zo da kansa. A miƙa masa faifansa guda ɗaya tak. Mahgul ta rufe hotunan, ya rage sunan bikin kawai a rubuce, sannan Humayun ya juyo ya goge a gaban mai shi, ya buɗe kwandon sharar kwamfutar ya zubar. Mutumin ya tambaya, "An goge?" Humayun ya dafa ƙirji ya ce, "An goge." Daga nan sai a kawo koren shayi da alewa. Wasu ba sa yarda sai sun danna da yatsansu. Ƙayyum, mai gyaran waya da shagonsa ke ƙarshen layi, da aka yi nasa bikin sai da ya sa aka sake buɗe masa kwandon ya leƙa da kansa. Ni na yi kiɗan bikin nan, amaryarsa kuwa ta yi rawa har ɗan kunnenta ya faɗi.

Mahgul ba ta yarda a ɗauke ta, kullum tana bayan kyamara tana cewa a matsa gefe. Sau ɗaya kawai ta shiga gaba, ranar sa lallen autata Marziya. Daɗi ya kwashe ta, ta miƙa wa wata yarinya kyamarar, ta shiga tsakiyar mata ta ɗauki waƙa. Ni da na ƙare rayuwata a gidajen biki sai da hannuna ya tsaya a kan bandiri. Washegari wajen haɗawa kunya ta kama ta, ta ce za ta yanke wurin. Humayun yana kallon bango ya ce, "In kika yanke, ba ni ba ke." Aka bar shi. Surukina mijin Marziya ya zo ya karɓi faifansa, aka goge a gabansa, ya koma gida ya kalla, ya ga tasa matar tana juyi a tsakiyar fili, ya karya faifan biyu. Damuna ba ta zagayo ba ciwon ƙirji ya kwantar da Mahgul, cikin sanyin shekarar ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba.

Daga nan Humayun ya bar aikin biki. Ya koma ɗaukar maza hoton fasfo da gyaran kwamfuta, kujerarsa dai tana nan tana kallon bango.

Da mulki ya sauya, masu bindiga suka shigo gari, aka hana kiɗa, na tura bandirina ƙarƙashin buhun gari. A shingayen hanya ana karɓar waya a duba, don haka mutane suka yi ta tururuwa zuwa shagon Humayun a wanke musu nasu. Mutum zai goge hoto ya ɗauka ya tsira, Humayun ya ce masa da saura. Akwai kwandon shara, akwai tarihin duk shafin da ya taɓa leƙawa, akwai ƙananan kwafin hotuna da wayar ke ɓoyewa da kanta a inda mai ita bai sani ba. Ko a nan ma ba ya kallon kayan mutane. Yakan miƙa wa mai waya wayarsa, ya juya bango, ya riƙa faɗin inda za a taɓa. Wayoyin mata kuwa ni nake kai masa a ƙarƙashin gurasa in zan kai abincin rana. In zauna kujerar Mahgul, ya yi ta faɗa ina dannawa da waɗannan kaurarran yatsun nawa, ina tsine wa wanda ya ƙera maɓallai ƙanana haka.

Ranar da zan ba da labarinta, na soya bolani, wato gurasa mai haɗin dankali a ciki, na tafi da hantsi. A bakin kasuwa na tarar da masu bindiga biyu. Suka buɗe kwanon suka rufe, suka bar ni na hau. Benen nan da kullum ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, ranar tsit yake. A ƙofar wani shago na ga guduma a yashe, ga tarkacen ƙarfe, ga jini ɗigo-ɗigo har matakala.

Na ɗaga labule na tarar da Humayun zaune. A kan tebur ga wani faifan ajiya, irin baƙin ƙarfen nan da ke cikin kwamfuta, an shafa masa jan fenti. Kusa da shi ga rawayan ɗankwalin Mahgul a warware. Na gane shi nan take, don ni na saya mata.

Na yaye burƙa na ce, "Lafiya, Humayun ƙanena?"

Ya ce, "Masu bindiga sun zo da safe, Yaya. Sun zazzage kowane shago, duk faifan da suka gani sun shafa masa fenti. Bayan la'asar za su dawo da wanda zai duba abin da ke ciki."

"To su duba mana. Me za su gani a naka in ban da gemun masu neman fasfo?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Wannan a aljihun tebur suka same shi. Shi ne wanda muke aikin biki a kansa."

"Wanda kuke gogewa a gaban mutane."

"Yaya, ashe gogewar nan ba gogewa ba ce. Suna kawai ake cirewa, abin yana nan kwance a ciki har sai an zuba wani abu a kansa ya danne shi. Akwai manhajar da ke tashin su. Na farkon sun tafi, na baya sun danne su, amma na shekarun ƙarshe duk suna nan. Wallahi lokacin ban sani ba. Sai bayan rasuwarta na sani."

Na zauna a kan akwati. Na ce, "Wa za su kawo ya duba?"

"Ƙayyum. Shi ya iya tashin abin da aka goge, sun ɗauke shi aiki."

Nan na yi masa tas. Na ce masa tun rasuwarta yana sane ya zauna a kan wuta kamar kaza a kan ƙwai. Na ce wata nawa yana wanke wayoyin mutane, yana musu wa'azi a kan ɓoyayyun hotuna, alhali matan unguwa kaf suna kwance a aljihun teburinsa kai ba ɗankwali. Na tambaye shi ko ya san abin da zai faru in aka kunna wannan a ofishin masu bindiga, ƙarti suka zagaye suna kallo. Mace ɗaya in labari ya kai wa mijinta cewa an ga rawarta a can, ba ita ba zaman gidan, wata ma sai dai a ji an yi jana'iza. Ga 'yata a ciki, ga ni da bandiri a hannu. Na ce, "Kai da ba ka taɓa kallon ko ɗaya ba, kai ne za ka miƙa su duka!"

Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Tana ciki, Yaya."

Ban gane ba da farko.

Ya ce, "Waƙar nan ta ranar lallen Marziya. Ba inda ta rage a duniya sai nan. In na tashe ta, sai na tashi matan mutane tare da ita, na kuwa dafa ƙirji na ce an goge. In na danne su, na danne ta. Sai na naɗe shi a ɗankwalinta na ajiye. Kullum in ce gobe."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce ya ba ni in sa a ƙarƙashin burƙa in fita da shi, ba mai laluba tsohuwa. Ya nuna min jan fentin, ya ce sun san da shi, in suka dawo babu shi, shi za su tafi da shi. Na ce to a fasa shi. Ya ce jinin da na gani a matakala na wanda ya fasa nasa ne, sun ce ba mai fasawa sai mai abin ɓoyewa. Hanya ɗaya ce, a cika faifan da wani abu har ƙasa, ya zama ba sauran wurin da tsohon zai kwanta. Wannan kuwa zai ci sa'o'i, ga la'asar tana tafe, ga wutar gari an ɗauke, batir kawai muke da shi.

Na ce, "To me kake jira? Fara!"

Ya ɗauki ɗankwalin yana murzawa. Ya ce, "Yaya, ke mace ce. Ki zauna kujerarta ki duba min, ko kaɗan ne. In kin same ta da wuri, mu zuba a memori ki fita da ita."

Da wani ne da na zage shi. Amma yaron da na yi renonsa ne, gemunsa ya yi fari, yana roƙona da murya irin ta lokacin da yake neman ragowar gurasa. Na zauna. Ya haɗa faifan, ya koma kujerarsa ya fuskanci bango, ya fara faɗa ina dannawa.

Da farko ba komai sai baƙin gilashi. Can sai hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, a hankali. Ga matar mai gurasa da gashi har gadon baya. Ga malamar makarantar 'yan mata, wadda ake nema ruwa a jallo, tana tafi tana dariya. Ga amaryar Ƙayyum hannu a sama. Ga ni, baki buɗe, gumi ya wanke min kwalli. Mata ne da na san iyayensu, na yi kiɗan aurensu, wasu har na 'ya'yansu. Kowace na gani sai in tuna mijinta da irin zuciyarsa.

"Kin gan ta?"

"Tukuna."

Aka kira azahar. Ba wanda ya motsa a cikinmu, Allah ya yafe mana. Ina jin takun masu gadi a ƙasa, ina jin wani a shagon kusa yana kuka ƙasa-ƙasa. Duk hoton da ya fito lokaci ne yake tafiya, na sani, shi ma ya sani. Na ce, "Humayun, rana tana gudu." Ya ce, "Kaɗan, Yaya, don Allah." Zufa ta jiƙa bayan rigarsa sharkaf.

Har na buɗe baki zan ce na daina, sai ga ta. Tana tsakiyar fili, hannu ɗaya a kunne, kai a ɗage.

Na ce, "Ga ta."

Kafaɗunsa suka ɗaga suka tsaya. Ya ce in danna hoton in karanta masa abin da ya rubuta a ƙasa. Na karanta da ƙyar. Ya ce bidiyon babba ne, kafin ya fito an yi la'asar.

Na ce, "Ko muryar kawai?"

"Tare suke."

Sai ya tambaya, "A hoton, ita kaɗai ce?"

Na so in ce e. Na duba, ga Marziya a gefe, ga surukarta, ga malamar nan, ga wasu uku a tsugune. Na ce, "A'a, mata sun zagaye ta. Amma waiwaya ka gani, sau ɗaya tak. Hoton bai fi akwatin ashana ba, ba za ka gane kowa ba. Ni yayarka ce, na ba ka izini."

Ya ce, "Ba ke na yi wa alkawari ba."

"Humayun, matarka ce!"

"Sauran fa?"

Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, kamar mai riƙe da kansa da hannu kada ya juya. Ni kuwa hawaye sun hana ni ganin gilashin. Ban taɓa jin haushin kunyarsa kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Ya ce, "Rufe, Yaya."

Na rufe. Sai da na ce masa ba komai a gilashi sannan ya juyo, ya karɓi linzamin kwamfutar. Ya ɗebo hotunan fasfon da ya tara, na duk mazan da ke neman barin ƙasa, ya fara zuba su a faifan, in sun ƙare ya sake zuba su, ya sake. Gemu baƙi, gemu fari, rawani, hula, duk fuska a murtuke. Na ce, "Oh ni Shirin, har a cikin kwamfuta ma maza ne za su danne mu." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Wani koren layi ya bayyana yana rarrafe. Bai kai rabi ba batir ya fara ƙara, tsit, tsit. Humayun ya kashe fanka, ya kashe ƙwan lantarki. Da ƙarar ta ƙi tsayawa sai ya kashe gilashin ma, don shi ma wuta yake sha. Ya rage ba mu ganin inda layin ya kai, sai wata 'yar fitila a jikin kwamfutar da ke ƙiftawa. Ya ce in dai tana ƙiftawa, ana zubawa. In ta tsaya, ko dai faifai ya cika, ko batir ya mutu. Muka zauna cikin duhu da zafi muna kallon ta. Bolani ya huce a kwano, ba wanda ya taɓa.

Ba su jira ƙarshen sallar la'asar ba. Muka ji su a matakala, muka ji an ja ƙofar shagon farko. Shagonmu yana tsakiyar layi. Kowane shago in sun shiga sai a ji shiru, sannan a ji tsawa ko a ji sun fito. A wani shagon aka ji mari, aka ji an jawo mutum yana rantsuwa cewa waƙoƙin ba nasa ba ne. Fitilar tana ta ƙiftawa. Na mayar da burƙata, na kama jan duk addu'ar da na iya. Suka shiga shagon da ke manne da namu, har muryar Ƙayyum muna ji ta bango. Humayun ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Fitilar ta tsaya.

Ya kunna gilashin. Ban iya karantawa daga inda nake ba, sai fuskarsa na kalla. Ya lumshe ido ya ce, "Ya cika." Bai rufe baki ba aka yaye labule.

Su uku ne. Babbansu dogo ne mai kwalli a ido, sai wani mai bindiga a bayansa, sai Ƙayyum rungume da tasa kwamfutar, ya rame, ya ƙi haɗa ido da kowa.

Dogon ya ce, "Khala," wato inna, "me kike yi a nan?"

Na ce, "Abinci na kawo wa ƙanena. Ko shi ma an hana?"

Ya buɗe kwanon, ya ɗauki bolani ɗaya ya kai baki, ya nuna wa Ƙayyum jan faifan da haɓa. Ƙayyum ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya kunna manhajarsa. Na san ita ce wadda na gama amfani da ita, na san yadda hotunan ke fitowa. In ya rage ko lungu ɗaya da ba a cika ba, to wata baiwar Allah za ta fito tana rawa a gaban mutanen nan.

Gemu ya fito. Wani gemun ya biyo. Rawani, hula, gemu. Mai bindigar ya leƙa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ga mai sayar musu da kankana. Dogon bai yi dariya ba. Ya matso ya ƙura ido, ya daɗe, sannan ya sa yatsa mai maiƙo a gilashin.

Ya ce, "Wannan tsohon na gan shi ɗazu. Ga shi nan kuma. Ga shi can. Me ya sa mutum ɗaya yake ta dawowa?"

Humayun ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ƙayyum ya san amsar, ba mai sana'ar da ba zai gane an cika faifai da gangan ba.

Ƙayyum ya ce, "Tsohon faifai ne, ranka ya daɗe. In sun tsufa haka suke yi, su yi ta maimaita abu ɗaya. Ba komai a ciki, ko kyauta aka ba ni ba na so."

Dogon ya dube shi, ya dubi Humayun, ya dubi kujerar da ke kallon bango. Ya ce, "Wannan fa?"

Humayun ya ce, "Wurin zamana ne."

Dogon ya girgiza kai irin na wanda ya gamu da taɓaɓɓe, ya ƙara ɗaukar bolani ɗaya ya fita, mai bindigar ya bi shi. Ƙayyum ya tsaya naɗe wayoyinsa, yana jan lokaci. Da ya zo wucewa ta kusa da Humayun sai ya ce ƙasa-ƙasa, "Usta, har ƙasa ka cika shi?"

"Har ƙasa."

Ƙayyum ya sauke wani numfashi mai nauyi. Sai a lokacin na tuna ɗan kunnen amaryarsa, na gane shi ma tun safe a kan wuta yake. Ya dafa ƙirji ya fita.

Muka zauna har hayaniyarsu ta sauka ƙasa. Matan unguwa sun tsira, ba kuma wadda za ta taɓa sanin daga me ta tsira. Humayun ya ɗauki jan faifan ya juya shi a hannu, ya ajiye shi a kan kanta cikin tarkacen da ba su da amfani. Ɗankwalin kuwa ya ninke shi a hankali ya sa a aljihun rigarsa.

Sannan ya koma kujerarsa, ya zauna ya fuskanci bango, ya ɗora hannuwa a gwiwa yadda yake yi in za su fara aiki.

Ya ce, "Yaya, kina wurin, kuma yau kin gani. Wace riga ta sa?"

Na gyara zama a kujerar Mahgul. Na ce koriya ce, mai aikin zare a ƙirji, wadda ta ce ta matse ta a hammata amma ta ƙi cirewa. Na ce ta sa hannu ɗaya a kunne, lallen bai gama bushewa ba har ya ɓata mata kumatu. Na ce da ta kai tsakiyar waƙa ta manta baiti ɗaya, ta rufe da dariya, mata suka ɗauka suka ba ta.

Ya ce, "Na ji wannan dariyar. Ci gaba."

Na jawo kwanon bolani na kifa shi a cinya, na fara buga shi da yatsa a hankali yadda ba za a ji a waje ba, na ci gaba da faɗa masa.